Layi yana ɗaukewa yana dawowa, amma in an auna sai a ce lafiya lau

Rabi'atu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu aikin layin waya ne da ke cikin zauren nan. Intanet ɗinmu ta layin tarho yake shigowa gida, kuma ya daɗe yana ɗaukewa yana dawowa. Na kai kuka kamfani, suka auna daga can suka ce layi lafiyarsa lau. Suka turo ma'aikaci, ya jona na'urarsa, shi ma ya ce bai ga komai ba. Dare na yi abu ya dawo. Ba faɗa nake nema da kowa ba, so nake in fahimta. Ta yaya ake gano matsalar da ba ta tsayawa a gan ta?

Aminu:
Wa alaikumus salam. Ki canza rauta kawai, wato akwatin da ke raba intanet a gida, ki huta. Yawanci ita ce.

Injiniya Bashir:
Aminu, dakata tukuna kafin ta sayi abin da wataƙila ba ta buƙata. Malama Rabi'atu, in mutum ya ce intanet ya ɗauke, abu uku ne daban-daban zai iya nufi, kuma kowanne da mai gyaransa. Ko dai waifai ne ya yanke tsakanin wayarki da rauta, ko rauta ta rasa rajistarta da kamfani alhali layin yana nan, ko kuwa layin kansa ne ya saki. Aikinmu yana kan na ƙarshen.

Lokacin da ya sake ɗaukewa, kada ki taɓa komai, ki je ki dubi fitilun rauta. Akwai wadda aka rubuta DSL a jikinta, ita ce ke nuna ko layin kansa yana haɗe. In tana nan a tsaye amma ta intanet ta mutu ko ta koma ja, matsalar ta fi kusa da kamfani. In duka biyun suna nan lafiya amma wayarki ba ta buɗe komai, waifai ne, sai ki gwada kwamfuta da kebul ki gani. In kuwa ta DSL ce ke ƙiftawa, to na'urar gida da ta kamfani a can ɗaya ɓangaren sun rasa juna suna sake gaisawa. In duka fitilun suka mutu suka sake kunnuwa, to ki fara zargin adaftar wutar rauta.

Rabi'atu:
Ta DSL ɗin ce ke ƙiftawa, Injiniya. Wannan na lura da shi sarai. Kuma ya fi yawa daga magariba zuwa tsakar dare.

Malam Sunusi:
To, 'yata, kin riga kin ba da abin da ya fi duk awon da aka yi miki amfani, wato lokaci. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin in ajiye shi, kuma abin da nake fara tambaya a irin wannan matsala shi ne yaushe. Da dare? In an yi ruwa? In iska ta taso? In tarho ya yi ƙara? Kowace amsa da inda take nuni.

Bari in faɗa miki dalilin da ya sa awon kamfani yake cewa lafiya lau. Awon nan na ɗan lokaci ne. Yana duba ko wayoyin biyu sun taɓa juna, ko ɗaya ta taɓa ƙasa, ko wuta daga wani layin tana shigowa, ko waya ta tsinke. In a wannan daƙiƙar babu ko ɗaya, sai ya ce layi ya ci jarrabawa. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne mahaɗa mai tsatsa. Daga ofishin waya zuwa gidanki, waya ba guda ɗaya ba ce a miƙe. An haɗa ta a wurare da yawa, a akwatin bakin titi, a cikin rami, a kan falwaya, a jikin bangon gida. In danshi ya shiga ɗaya daga cikin mahaɗan nan, tagulla takan yi kore, ta yi wata 'yar fata siririya tsakanin wayoyin. Murya tana iya ratsa wannan fatar, domin murya ba ta wuce kilohaz 3.4 a ma'aunin saurin kaɗawar sigina. Amma intanet na layin tarho ya wuce nan nesa ba kusa ba: nau'in ADSL yana hawa har megahaz 1.1, wato kilohaz 1100, ADSL2+ har 2.2, VDSL2 kuwa ya kai 17 da ɗoriya. Waɗannan ba sa yafe mahaɗa mara kyau.

Ga inda abin ban haushin yake. Layin tarho yana ɗauke da wuta kimanin bolt 48, in kuma aka kira lambar, wutar ƙararrawa takan kai bolt 70 zuwa 90. Wannan wutar, har ma da wutar awon kanta, tana iya huda fatar tsatsar ta gyara mahaɗar na ɗan lokaci. Wato awon da aka yi don a gano ciwon shi ne ya kwantar da shi. Kamar motar da ke ƙara a hanya, ana isa gareji ta yi tsit. Bayan kwana ɗaya ko biyu tsatsa ta sake rufewa.

Don haka ki gwada wannan. Ki jona tarho mai waya, ki danna lamba ɗaya don ƙarar layi ta yi shiru, ki saurara. In kin ji ƙas-ƙas ko shuu, ki gaya wa kamfani cewa layin murya yana da hayaniya. Sannan ki sa a kira lambar gidan kina kallon fitilar DSL. In ta faɗi lokacin da tarho ya yi ƙara ko lokacin da aka ɗaga shi, to ko filta, 'yar na'urar da ke raba murya da intanet, ce ta lalace ko akwai mahaɗa mai tsatsa.

Rabi'atu:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na gwada yanzu. Tarho shiru, babu wata ƙara, kuma da aka kira fitilar ba ta motsa ba. Zan sake gwadawa da dare.

Injiniya Bashir:
Madalla. Ni dai wannan magaribar ce ta tsaya mini a rai. Matsalar da ke bin agogo galibi hayaniyar lantarki ce, ba tsinkewar waya ba. Ki shiga shafin rauta ki nemi wurin da aka rubuta SNR. Wannan lamba tana nuna ratar da ke tsakanin ƙarfin sigina da hayaniyar da ke kan layi, bayan an cire abin da ake buƙata. Yawancin layuka ana saita su a kan desibel 6. Ki rubuta lambar da safe, da rana, da magariba, da kuma lokacin da ya ɗauke, tare da adadin kurakuran CRC da ke kusa da ita, wato bayanan da suka iso a lalace.

Yadda lambar ke sauka shi ne labarin. In tana zamewa a hankali bayan faɗuwar rana, daga 6 zuwa 4 zuwa 3, ta kuma hau da asuba, wannan tashoshin rediyo ne. Matsakaicin zangon rediyo (MW) yana tsakanin kilohaz 531 da 1602, wato a tsakiyar filin ADSL2+, kuma da dare siginar tashoshi masu nisa tana dawowa daga sama da ƙarfi. ADSL2+ yana raba filinsa zuwa ƙananan hanyoyi 512, kowace faɗinta kilohaz 4.3, kuma wasu rautoci suna zana hoton nauyin da kowace hanya ta ɗauka. In rediyo ne za ki ga ramuka sirara a hoton, daidai inda tashoshin suke.

In kuwa lambar tana 6 sai ta faɗo 1 ko sifili a lokaci guda, kurakurai suka yi tsalle zuwa dubbai, to wani ne ya kunna wani abu. Caja mai arha, fitilar LED, inbata, tsohon talabijin, injin famfo, fitilar titi da ta fara lalacewa. Kuma ba lallai a gidanki yake ba, yana iya zama na maƙwabci.

Aminu:
To in na maƙwabci ne ta yaya za a gane? Gida-gida za a bi?

Injiniya Bashir:
Kusan haka, amma da rediyo a hannu. Ka samu ƙaramar rediyo mai batir, ka sa ta a matsakaicin zango wajen kilohaz 612 ko duk inda babu tasha. Lokacin da matsalar ke faruwa za ka ji wani gurnani mai kaifi. Ka kashe babban makunnin wutar gidanka. In gurnanin ya mutu, ɓarawon yana cikin gida, sai ka mayar da wuta ɓangare-ɓangare har ya dawo, sannan ka bi soket-soket. In bai mutu ba, ka fita da rediyon ka bi inda ƙarar ke ƙaruwa. Na taɓa bin irin wannan har bakin wani gida, muka roƙi mai gidan ya cire wata adafta ta akwatin talabijin da ta yi zafi har robarta ta kumbura. Yana zare ta rediyon ya yi shiru, abokin aikina da ke kallon na'ura ya ce lambar ta koma 6. Layukan gidaje da dama a jerin suka warke tare.

Malam Sunusi:
Bashir, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina da ƙari, kuma ina ganin matasan ma'aikata suna tsallake shi. Hayaniya tana ko'ina. Me ya sa take kayar da layin wannan gida ta bar na kusa da shi? Saboda wayoyin tarho biyu ne a murɗe da juna, an murɗe su ne don hayaniya ta faɗa musu daidai wa daida, sai ta soke kanta a ƙarshe. In ɗaya ta fi ɗaya nauyi, wato ta fi hana wuta wucewa, ko don tsatsa, ko don danshi, ko don wani ya haɗa waya ɗaya daga wannan tagwaye da ɗaya daga wancan, to layin ya zama eriya. Sai ka je ka kama cajar maƙwabci ka yi murna, wata mai zuwa wani ya sayo tasa, kuka ya dawo.

Shi ya sa nake auna daidaiton layi kafin in ɗauki rediyo. Na'ura tana ba da shi a desibel, kuma in bai haura 50 ba hankalina ba ya kwanciya. Sannan a haɗe bakin wayoyin a can ƙarshe a auna kowace ƙafa ita kaɗai. Tagulla mai kaurin rabin milimita tana ba da kimanin om 175 a kilomita ɗaya, zuwa da dawowa, om kuwa shi ne ma'aunin yadda waya ke hana wuta wucewa. Ƙafa biyun ya kamata su yi kusan daidai. In ɗaya ta ɗara ɗaya da om masu yawa, ko allura tana rawa ba ta tsayawa, akwai mahaɗar da ke jiran a yanke ta.

Kuma wayoyin cikin gida su ne suka fi ɓata daidaito. Soket a falo, wani a ɗaki, wani a inda aka daina amfani da shi tun tuni, duk suna rataye a jikin layi suna kwasar hayaniya. 'Yata, ki kai rauta soket na farko inda waya ta shigo gida, ki cire duk sauran in ana iya cirewa, ki sa sabuwar filta da gajeren kebul, ki bar ta a nan kwana biyu. In ta zauna, matsalar a cikin gida take.

Hadiza:
Ni a ɓangaren karɓar koke nake aiki, bari in faɗi yadda muke gani daga namu wajen. Muna iya ganin tarihin layi, sau nawa ya faɗi da ƙarfe nawa. Har muna iya bambance faɗuwar layi da ɗaukewar wuta, domin rautoci da yawa in wuta ta yanke musu suna aika wani ɗan saƙon ban kwana kafin su mutu. Abin da nake roƙon mutane shi ne su daina kashe rauta suna kunnawa a kai a kai. A kamfanoni da yawa akwai tsarin da ke lura da layi da kansa, in ya ga yana yawan faɗuwa sai ya rage gudu don ya zauna. Mutum sai ya ƙara wa kansa matsala ta biyu.

Kuma a irin matsalar Anti Rabi'atu, abu mafi sauri shi ne a ɗaga ratar daga 6 zuwa 9 ko 12. Gudu zai ɗan ragu amma layi zai daina yankewa.

Malam Sunusi:
Hadiza, wannan rufa-rufa ce. Tsatsa ba ta san an ɗaga rata ba, ci gaba za ta yi. An rage wa baiwar Allah gudun da take biya, an rufe takardar kuka, bayan wata uku a kai 15, daga nan kuma babu sauran inda za a ɗaga.

Hadiza:
Baba, ban ƙi taka ba in tsatsa ce. Amma in layi mai nisa ne kuma rediyon dare ne ke cinye ratar, wace mahaɗa za a yanke? Babu abin da ya lalace. Layin ya gaisa da rana lokacin da babu hayaniya, ya ɗauki gudun da ba zai iya riƙewa da dare ba. A nan ɗaga rata shi ne gyaran, ba ɓoyewa ba. Kuma mai aiki daga gida ya gwammace megabit 8 da ke zaune da 10 da ke yanke masa taro.

Injiniya Bashir:
Ku biyun kuna da gaskiya, bambancin a tarihin layi yake. In layin ya shekara yana zaune a kan 6 sannan ya fara faɗuwa, wani abu ya canza, kuma sai an nemo shi. In tun ranar farko haka yake yi da dare, maganar Hadiza ce. Akwai kuma abin da ke tsakani, wato a kunna tsarin da ke warwatsa bayanai don gyara kuskure, ko G.INP mai sake aiko abin da ya lalace, in kayan ɓangarorin biyu suna da shi. Waɗannan suna shanye hayaniya mai zuwa farat ɗaya ba tare da an yanke gudu sosai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaga rata a rufe takarda ba tare da an gaya wa mai layi abin da aka yi ba.

Rabi'atu:
Namu ya daɗe yana zaune lafiya kafin ya fara. Don haka zan bi shawarar Baba ta soket na farko, in kuma riƙa rubuta lambobin.

Lawal:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Nawa ba ruwansa da dare. In an yi ruwan sama ko iska mai ƙarfi yake yi, in rana ta fito ya warke. Ma'aikaci kuma kullum ranar da gari ya bushe yake zuwa.

Malam Sunusi:
Lawal, taka ta fi sauƙin kamawa. Ka fita ka bi wayar da ido daga bangon gidanka zuwa falwaya. Ka duba ko tana gogar reshen bishiya ko bakin kwano. Gogayya tana cinye robar, ruwa ya shiga, iska kuma tana motsa wurin da ya kusa tsinkewa. Ka ɗauki hoto daga ƙasa, kada ka hau, kada ka buɗe akwatin kamfani. Ka kuma kira su a lokacin da ruwan ke zuba, ka ce su auna yanzu-yanzu. Jiƙaƙƙen layi ba ya iya ɓoye kansa a awon rufin waya.

In ma'aikaci ya zo, akwai na'urar da ake kira TDR. Tana harba ɗan bugun lantarki cikin waya ta jira amsa-kuwwa. Bugun yana tafiya kimanin mita 200 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don haka in amsa ta dawo bayan kashi uku, ya yi mita 600 zuwa da dawowa, matsalar tana mita 300 daga inda kake tsaye. A fuskar na'urar za ka ga layi a miƙe, sai wani ɗan tudu. Tudu sama yana nufin tsinkewa ko mahaɗa mai nauyi, rami ƙasa yana nufin wayoyi sun taɓa juna ko ruwa ya shiga. Ga matsala mai zuwa tana tafiya, mutum biyu ake so. Ɗaya ya zuba wa na'ura ido, ɗaya ya je yana girgiza waya, yana ƙwanƙwasa mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ka taɓa mai ciwon, za ka ji abokinka ya yi ihu a waya cewa tudun ya yi tsalle. Ka buɗe, sau da yawa za ka tarar da ruwa kwance a ƙasan murfin, wayar ta yi kore, kana ɗan jan ta ta rabu a hannunka. Sai a yanke har inda tagulla ke sheƙi, a sake haɗawa da maƙalai masu man hana danshi, a canza murfin da ya tsage.

Lawal:
Wanda ya zo na ƙarshe cewa ya yi zai mayar da ni kan wasu wayoyin da babu kowa a kansu. Wannan gyara ne ko kauce wa aiki?

Injiniya Bashir:
Ya danganta. A cikin babban kebul akwai tagwayen wayoyi na ajiya. In matsalar tana cikin kebul na ƙarƙashin ƙasa inda sai an yi haƙa, mayar da kai kan lafiyayyun tagwaye hanya ce mai kyau, ka samu sauƙi yau. Haka ma canza maka ramin da ake jona layinka a na'urar akwatin titi in ana zargin ita ce. Amma in matsalarka a wayar da ta sauko daga falwaya take, canjin bai taɓa ta ba, ruwan farko za ka gane.

Malam Sunusi:
Kuma wanda ya canza tagwaye ya rubuta cewa tsofaffin suna da ciwo, ya kai rahoton kebul ɗin. In bai yi ba, gobe sabon mai layi ya zo a ɗora shi a kansu. Ruwan da ya ci tagwaye ɗaya kuma yana nan yana cin na kusa da su. Na ga akwatin da aka yi ta gudu daga tagwaye zuwa tagwaye har na ajiya suka ƙare, sannan aka yi haƙan da ya kamata a yi tun farko.

Aminu:
Duk wannan wahalar ta tagulla ce. In faiba, wayar zaren gilashi, ta zo an huta.

Injiniya Bashir:
An huta da tsatsa da cajar maƙwabci, wannan gaskiya ne, haske ne ke tafiya a ciki ba lantarki ba. Amma ita ma tana da nata mai zuwa yana tafiya. Zaren da aka lanƙwasa sosai a bayan kabad ko aka matse da ƙofa yana zubar da haske. Ƙura a bakin mahaɗa, wadda ido ba ya gani, tana iya cinye desibel da yawa. Na'urar gida a tsarin faiba da ake kira GPON tana son haske tsakanin kusan 8 da 27 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin haske na dBm. Layin da ke zaune a 26 yana aiki, amma zafin rana ko ɗan motsin kebul ya isa ya tura shi waje, jar fitilar LOS mai nuna sigina ta ɓace ta kama, an jima ta mutu. Ma'aikacin da ya zo ya ga fitila kore ya juya bai yi komai ba. Sai ya auna hasken a gida, ya auna a akwatin rabawa, ya ga inda aka yi asarar.

Hadiza:
Lawal da Anti Rabi'atu, in za ku sake kira, ku ce a rubuta a takardar aiki cewa matsalar mai zuwa tana tafiya ce, a kuma saka lokutan da kuka rubuta da yanayin gari. Ku nemi a haɗa da tarihin faɗuwar layin na makon. Ma'aikacin da aka turo da takarda mai cewa "babu intanet" kawai, in ya tarar da intanet yana aiki, ba shi da hujjar daɗewa. In kuma an taɓa zuwa kan matsalar, ku ba da lambar koken farko don a san maimaici ne, a ware masa lokaci mai tsawo.

Lawal:
Na fita na duba. Wayar tana kwance a kan reshe, kuma a daidai wurin robarta ta yi fari-fari kamar an kankare. Na ɗauki hoto. Malam, reshen zan sa a sare ko in jira su?

Malam Sunusi:
Ka jira su gani da idonsu tukuna, kuma kada kowa ya hau bishiyar in akwai wayar lantarki kusa. Sare reshe ba zai mayar da robar da ta cinye ba. Ka ce a canza wayar gaba ɗaya daga falwaya zuwa bango, kada a yi mata faci a tsakiya, domin facin nan wata sabuwar mahaɗa ce a sararin da ruwa ke dukanta.